Hayaƙin da Na Ɗora wa Kaskon Hajiya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya in goge daga rayuwata, da na zaɓi kwana ashirin da ukun da na bar matata tana ɗauke da laifin gobarar da ni na tayar. Ba giya ce ta kai ni ba, ba caca ba. Ƙwallo ce ta cikin talabijin, irin wadda ake bugawa da manyan yatsu biyu. Ina da shekara saba'in da ɗaya a lokacin, furfura har a girata.

A lungunmu na Nima kowa ya san ni da ƙin gem, wasan nan na cikin talabijin. Shekarun baya wani saurayi ya buɗe kiyos kusa da masallacinmu, ya sa talabijin biyu da benci, yara suka daina zuwa makarantar yamma. Ni na bi gida gida ina zuga iyaye har ya kwashe kayansa ya bar unguwar. Bayan sallar la'asar nakan zauna a bakin masallaci in ce wannan akwati Shaiɗan ne aka sa masa wayar lantarki. Mutane na gyaɗa kai, ni kuma ina jin daɗin kaina.

Wannan sunan ne ya jawo mini. Mijin 'yata ta uku direban tirela ne, suna zaune a Maamobi. Ya samu aikin kai kaya arewa na wata uku, ga ƙannensa kuma da ba sa barin komai a inda aka ajiye shi. Ranar da zai tafi ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, kansa a ƙasa kamar yadda suruki ke yi, ya turo wani kwali.

"Baba, ajiya na kawo. Duk Accra nan ne kaɗai na san ba mai taɓa shi."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Har na ƙara masa da 'yar nasiha a kan magidancin da ke wasan yara.

Kwana tara kwalin yana kan kabad ban kalle shi ba. To amma ni mutum ne da ya ajiye tuƙi, gwiwa ta hana ni yawo. Matata Hajiya kuwa kullum da hantsi take tafiya Kasuwar Malam Atta. Turaren wuta da humra take haɗawa da hannunta, kuma iyayen amare daga unguwanni masu nisa wurinta suke zuwa. Da ta fita gidan sai ya rage daga ni sai rediyo. A rana ta goma na ce wa kaina amana ce, ya kamata in duba ko kyankyaso ya shiga. Babu kyankyaso. Akwai wata na'ura fara fat, sumul kamar ƙwai, da wayoyinta, da abin riƙewa mai maɓallai. Sai na ce bari in gani ko tafiyar trotro, motar hayarmu, ta lalata ta. Kowace waya rami ɗaya kawai take shiga, saboda haka ko mai aji shida irina bai ɓata ba.

Da ƙuruciyata gola nake a filin ƙasa na bayan unguwa. Na ɗauka wannan ya mutu a jikina tuntuni. Ina jin ihun 'yan kallo daga talabijin sai ga shi ya tashi zaune. Na tarar da wata ƙungiya a shirye, na shiga da ita. 'Yan wasana suna gudu suna fita fili, golana yana kwanciya dama ƙwallo na shiga hagu. Ana cina bakwai, ana cina tara. Nakan rage murya, in sa sakata, in zagi alƙalin wasa da Hausa, in ta ƙare in koma yaren Twi. Kafin Hajiya ta dawo na naɗe komai na mayar kan kabad, na ɗauki carbi.

Ranar wata Juma'a abin ya faru. Da safe Hajiya ta turara mini babbar riga kamar yadda take yi tun aurenmu: kasko a ƙasa, kwando a kife, riga a sama. Ta gama ta tafi kasuwa. Ni kuma na sauke kwali. A ranar, ban san yadda aka yi ba, ƙwallo ta bugi ƙafar wani ɗan wasana ta shiga raga. Ɗaya da nema, ni ke gaba, karon farko a duniya. Ana cikin haka aka yi kiran salla.

Na kasa kashewa. Na tsayar da wasan, na kashe talabijin kaɗai, na tura na'urar ƙarƙashin tebur, na kife ta da daron ƙarfe don kada a hango 'yar fitilarta ta taga. Wayar da na jona komai a kanta tsohuwa ce, ta taɓa tsinkewa na ɗaure da leda. Tana kwance a gindin labule, kusa da kujerar soso. Na kulle ƙofa na tafi. A cikin huɗuba ban ji komai ba, ina tunanin yadda zan tsare gida.

Muna dawowa na ga hayaƙi a bakin lungu. Matan gida sun ɓalle ƙofata, suna miƙa wa juna bokiti. Allah ya taƙaita. Labule ya tafi, kujera ta tafi, talabijin ya sha ruwa, silin ya ci har ya leƙa ɗakin maƙwabciyarmu mai ɗinki, kayan mutane da ke wurinta duk suka ɗauki ƙauri. Daro na nan a kife, ba wanda ya ɗaga shi. Ina shiga na take wayar da ta narke da ƙafata, da mutane suka ragu na sa ta aljihu. Da yamma ta kwana a babbar gota ta ruwan datti.

Mai gidan da muke haya ya tambayi abin da ya kawo wutar. Mai ɗinki ta ce ai da safe ta ji ƙanshin turare daga ɗakin nan, Hajiya ce ta manta kasko. Duk suka juyo suna kallona. Na sunkuyar da kai na ce Allah ne masani. Ban yi ƙarya da baki ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina.

Hajiya ta dawo ta tarar an gama yanke hukunci. Mai gida ya ce daga yau ba kasko a gidansa, ko a ɗaki ko a tsakar gida. Ta saurara har ya gama, ta dube ni sau ɗaya, ta shiga ta fara shara. Kafin mako ya zagayo yaran lungu na kiranta Hajiya mai gobara. Labari ya kai kasuwa. Iyayen amare biyu suka aiko cewa sun fasa, wai turaren da ya ƙone ɗakin mai shi ba za a kai ɗakin 'yarsu ba. Ita kuwa tana zuba mini abinci kamar kullum, har da tambayar ko gwiwar ta yi sauƙi.

Ni hankalina yana ƙarƙashin daro. Wuta ba ta taɓa na'urar ba, ruwa ma bai taɓa ta ba. Amma akwai fanka a cikinta, kuma fankar nan ta yi ta zuƙar hayaƙi har wayar ta mutu. Abin da na karɓa fari kamar ƙwai ya koma kamar gindin tukunyar waake, shinkafa da wakenmu. Warin kuwa, na ƙonannen soso da roba, in ka shaƙa sai ka ji shi a maƙogwaro har dare. Na ce in na mayar da ita fara, na kori warin, na sa ta kwali, to kwalin kan kabad na ɗakin ciki yake, ba ruwansa da gobarar falo. Ba mai tambayar komai.

Da Hajiya ta fita sai in fara aiki. Da farko na sa jiƙaƙƙen tsumma. Baƙin ya narke ya zama tawada, ya bi kowace tsaga ya zauna. Na ɗauko sabulun salo da soson raga, na dirje ta kamar bayan yaro mai ƙazuwa. Sheƙin ya tafi, baƙin bai tafi ba. Na tuna yadda Hajiya ke wanke tukwane, na kawo toka da lemun tsami. Na gwada man goge baki. Bayan kwana huɗu ta zama kalar haƙoran mai cin goro, ga zane-zane ko'ina.

Sai na koma kan wari. Na ɗora ta a rufin kwano ta sha rana, ƙadangare ya hau ya yi abin da ya ga dama. Na taɓa jin ana binne wayar hannu a shinkafa in ta faɗa ruwa. Shinkafarmu kaɗan ce, garin rogo ne cike da bokiti, na tura ta ciki har kwana biyu. Gari ya ɗauki warin, na'urar kuma ba ta rasa nata ba. Duk wannan makon garin nan Hajiya ta yi ta jiƙa mini da safe. Ita koko take saya ta sha. Ni kuwa ina shanyewa. Daga nan na ɗauko kwalbar almiskin da na zo da ita daga aikin hajji, na ɗiga ta ramukan iska. Abin ya koma kamar an ƙone taya a gidan biki.

A nan ne na yi dabarar da na fi alfahari da ita a lokacin. A gidajenmu duk abin da ya yi wari kan kasko ake ɗora shi. Riga, matashi, zanen jego, har randar ruwa ana turarawa. Me zai sa na'ura ta fi ƙarfin abin da randa ba ta fi ƙarfinsa ba? Na buɗe akwatin Hajiya na debi turaren da take ajiye wa manyan amare, na roƙi garwashi wurin mai ƙosai, na rufe ƙofa da taga. Kasko a ƙasa, kwando a kife, gem a sama, na lulluɓe da zane. Na ba ta rabin awa cur. Ina zaune ina tari ina jin kaina likita. Wato hayaƙi na kawo in kori hayaƙi, kuma ban ga komai a ciki ba.

Da na ɗaga zanen ta yi danƙo, ruwan ƙasa-ƙasa, yatsa na mannewa. Na jona ta a soket in ji lafiyarta. Ta yi gurnani, ta huro mini gari a fuska, fitilar ta ƙifta sau biyu ta mutu.

Da yamma Hajiya na shigowa gida mai ɗinki ta tare ta a bakin famfo. Ta ce duk gidan ya ji turare yau, so take ta ƙarasa su? Matar da tun hantsi tana kasuwa. Mai gida ya fito ya ce in aka sake, mu nemi wani wuri. Ina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Hajiya ta juyo ta dube ni, ta daɗe, sannan ta ce wa mai gida ya yi haƙuri, ba za a sake ba. Na shiga ban ɗaki na daɗe fiye da buƙata.

Washegari surukina ya bugo waya, ya ce aiki ya kusa ƙarewa, nan da kwana goma yana gida. Na naɗe na'urar a zane na sa a jaka na hau trotro zuwa Circle. Mutanen da ke kusa da ni suna ta jan hanci. Yaron mota ya tambaye ni ko busasshen kifi na ɗauko ko amarya. A Circle na yi tambaya wurin masu gyaran waya, kowa ya nuna mini shago ɗaya, wai in ba shi ba sai dai a jefar. Na leƙa. Mutum ne mai ƙiba yanzu, da tabarau, amma na gane shi. Shi ma ya gane ni. Saurayin kiyos ne.

Ya tashi ya ba ni kujera, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi masallaci. Sannan ya kwance zanen. Ya shinshina, ya cire tabarau, ya sake shinshinawa.

"Alhaji, Shaiɗan ɗin ne aka yi wa aure?"

Na ce ajiyar wani ce, gobara ta shafa. Ya kwance murfin, gari ya zubo masa a cinya. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Ya tambaye ni me da me na yi mata, ina faɗa yana dafe tebur. Da na zo kan kasko sai da ya fita waje ya dawo.

Da ya nutsu ya yi mini bayani, kuma na rubuta a nan don wani ya amfana. Ya ce abin da hayaƙi ya shiga ba a kunna shi, don baƙin da ke ciki na iya haɗa wuta. Ba a fara masa da ruwa. Busasshen soso ake sawa a ɗauke baƙin a hankali, ba dirza. Sai wanda ya iya ya buɗe, ya kakkaɓe ciki da burushi mai laushi, ya goge da auduga da sifirit irin na asibiti, wanda ke bushewa nan take. Wari kuma ba a rufe shi da ƙanshi. Sai a sa abin a mazubi mai murfi tare da gawayi, ɗanye wanda ba a kunna ba, a bar shi kwanaki, gawayin ya shanye. Gawayi. Buhu guda ke bayan ƙofarmu. Ni da na kawo shi sai da na sa masa wuta tukuna.

Ya ce gobara ba ta yi mata rabin abin da na yi mata ba. In dawo bayan mako.

Na dawo na tarar tana aiki. Farin bai dawo duka ba, zanen sosona na nan, amma ƙaurin ya tafi. Ya ce danƙon turaren ne ya gagare shi, ya shige inda burushi ba ya kaiwa. Ya jona ta a talabijin ɗinsa, ya latsa nan ya latsa can. Ashe abin nan yana rubuta komai: ranar da aka kunna shi, da lokacin, da yadda kowane wasa ya tashi. Ƙungiyar da na tarar a shirye ta surukina ce, shekara biyu yana gina ta, ya bar ta a saman teburin gasa. Yanzu tana can ƙasa, ba kowa a bayanta. Kunnawar ƙarshe kuma ranar Juma'ar gobara, dab da salla.

"Ko waye ya buga waɗannan," in ji shi, yana kallon bango, "Allah ya ba iyalinsa haƙuri."

Na tambaye shi ko za a iya gogewa. Ya ce za a iya, amma komai zai tafi, har shekara biyun mai ita. Zan so in ce tsoron Allah ne ya hana ni. Gaskiya ita ce na rasa ƙaryar da zan yi wa surukina a kan gogewar. Na ce ya bari.

Bayan kwana uku na kai ajiya Maamobi da kaina. Na yi niyyar in ajiye a bakin ƙofa in juya, don na san kunya ba za ta bar shi ya buɗe a gabana ba. Ban lissafa da 'yata ba. Tun ranar gobara take cewa uwarta ba ta taɓa barin garwashi a ɗaki ba. Ta karɓi kwalin ta ce amana a gaban mai ajiya ake duba ta. Ta jona da kanta. Fanka na ɗumama sai ɗakin ya cika da ƙanshin turaren uwarta, na manyan amare. Ta kalle ni. Mijinta ya ga teburin ƙungiyarsa, ya ga ranaku. Ya miƙa hannu ya kashe talabijin.

"Baba, hayaƙi ne ya rikita mata ƙwaƙwalwa. Haka suke yi."

"Hayaƙi ne ya buga wasa arba'in da uku?" in ji 'yata. "Kuma ko ɗaya bai ci ba?"

Ya ce mata ta yi shiru. Rufin asirin da yaron nan ya yi mini ya fi maganarta zafi. Wanda na yi wa nasiha a bakin ƙofa, na lalata masa kaya, shi ke neman mini mafita, ni kuwa matar da muka yi shekara arba'in da ɗoriya ban nema mata ba.

Na tarar da Hajiya bayan la'asar tana tsince wake. Na zauna a ƙasa kusa da ita, da gwiwar da komai, na faɗa mata tun daga kyankyaso. Ba ta ɗago ba.

"Alhaji, kaskona na juye shi a bakin famfo kafin in fita. Ihun ƙwallonka kuma har bakin titi ake ji, ranar da na dawo ɗaukar laima na tsaya na saurara. Garin ma na san inda ya kwana."

Na ce to me ya hana ta magana?

"In tsaya a tsakar gida in ce mijina ne? Jira nake in ga kwana nawa za ka iya. Ashirin da uku."

Ta ce ba ita zan faɗa wa ba, ita ta sani. Inda aka ɗora mata, nan zan sauke.

Da safe, lokacin da gida ke cika a layin famfo, na fito da babbar rigata na yi sallama. Na faɗi komai da ƙarfi. Mai gida ya yi dariya har ya zauna a kan bokitin wani. Mai ɗinki ba ta yi dariya ba. Ta je ta durƙusa wa Hajiya, ni kuma ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Aka ɗage dokar kasko, aka kafa ta wayar lantarki. Yaran lungu suka sauke wa Hajiya sunanta, suka naɗa mini nawa: Alhaji koci. A bakin masallaci na daina wa'azin akwati, ba wanda ya roƙe ni in ci gaba.

Na bi iyayen amaren nan biyu har gida na yi musu bayani. Ɗaya ta dawo. Ɗayar ta riga ta saba da wata mai turaren. Har yau akwai waɗanda suka ji labarin gobara ba su ji na famfo ba, kuma in sun wuce teburin Hajiya a kasuwa ba sa tsayawa. Wannan ban san mai gyaransa ba. Surukina ya ce shekara guda ya yi kafin ya hau da ƙungiyarsa. 'Yata ta ce duk ran da ya kunna, ɗakinsu sai ya yi ƙanshin gidan amarya, abokansa na tsokanarsa.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan. In hayaƙi ya shiga kayanka, kada ka kunna, kada ka jiƙa, kada ka ɗora a kasko, ka kai wa wanda ya iya. In kuma aka tsaya a tsakar gida ana tambayar wa ya tayar da wuta, kai ne kuma ka sani, kada ka ce Allah ne masani alhali matarka na tsaye. Ka faɗa a ranar, tun ana riƙe da bokiti.